Jinjina ga Ƙungiyoyin Naƙasassu na Gaya

Gaya, a Nijar, gari ne na zirga-zirga. Gadar kogin Kwara ta haɗa shi da Malanbil a Benin, Kamba ta Najeriya kuma na kusa. Kowa a nan yana da hulɗa da ofishin hukuma: duwan, gidan magajin gari, likita ko makaranta. Sai dai matakala uku a ƙofar ofis sun isa su mayar da mai keken guragu gida hannu rabbana.

Shi ya sa ƙungiyoyin naƙasassu suka cancanci yabo. Ba sadaka suke nema ba, haƙƙinsu suke bi. Doka kuwa tana bayansu: tun 1993 Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu, an ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, a 2008 kuma ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Tarayyar ƙungiyoyinsu ta ƙasa, FNPH, ba ta gaji da tunatar da mahukunta ba.

Abin da suke faɗa mai sauƙi ne: a yi gangara maimakon matakala, a faɗaɗa ƙofa, a samar da mai fassara da hannu domin kurame, a sa hannun makaho a kan takardar da zai iya karantawa. Suna kuma nacewa a zauna da su tun ana zana gini, domin gyara bayan an zuba siminti ya fi tsada.

Gangarar da suka nema, tsoho da mai ciki ma suna morar ta.