Biyayyar da Ta Fi Tawaye Zafi: Bitar Waƙar "Girgiza Kai" ta Ziriums

A cikin waƙoƙi 11 da kotun tafi-da-gidanka mai kula da harkar fina-finai a Kano ta haramta saurare da sayarwa da yaɗawa a 2009, akwai ɗaya da in ka bi kalmominta a tsanake za ka sha wuya kafin ka nuna inda laifinta yake. "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda aka fi sani da Ziriums, ba ta tunzura kowa ya karya doka ba. Kira ma ta yi da a bi dokar. Tunda masu mulkin gari sun hana rawa, kowa ya riƙe ƙafarsa, wanda kiɗa ya ratsa ya wadatu da kaɗa kai. Iyakar saƙon ke nan a zahiri. Duk da haka sai ga ta a jeri ɗaya da "Oyoyo" ta Adam A. Zango da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala.

Abin da ya sa na ga ya dace a sake waiwayarta shi ne yadda matasanmu suka duƙufa a kan rikicin mawaƙan gambarar zamani na ƙetare. A majalisun samari a Gumel za ka ji ana musu a kan wanda ya kayar da wani tsakanin Kendrick Lamar da Drake, da wane ne na gaske, wane ne ɗan kwaikwayo. Musun ba laifi ba ne. Sai dai muna da namu ma'aunin a gida, kuma wannan waƙa tana cikin mafi kyawunsa.

Sai an tuna halin da Kano take ciki a lokacin kafin a gane nauyin waƙar. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar tun 2001, amma a 2007 ta yi haƙora, bayan wani bidiyon waya da ya tayar da ƙura a masana'antar fim. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta damƙa hukumar a hannun Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. Aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka gindaya sharuɗɗa masu tsauri a kan rawa da waƙa. A shekarar aka yanke wa Adam Zango ɗaurin wata uku saboda faifansa na "Bahaushiya". A 2008 aka ɗaure Rabilu Musa Ibro, a ƙarshen shekarar kuma Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama ya bi sahu a kan fim ɗin "Tsintsiya". Duk mawaƙin da ya shiga situdiyo a Kano a wannan tsakani ya san cewa tsakaninsa da gidan yari baiti ɗaya ne.

A nan gwanintar Ziriums ta fito. Mai ƙaramar basira da ya fusata zai zazzage abin da ke cikinsa, ya zagi wanda zai zaga, ya ba wa mai neman kama shi igiya da hannunsa. Shi kuwa sai ya ari muryar mai shela, ya riƙa sanar da jama'a abin da aka hana kamar shi aka aiko. Wanda ya saurara ya san ba haka ake nufi ba, domin ana faɗa masa kada ya taka alhali kiɗan da ke ƙarƙashin maganar yana jan ƙafarsa. Baki yana bin doka, kiɗa yana yi mata dariya. Kaɗa kan da aka bar wa mai sauraro shi ma fuska biyu gare shi: motsin wanda kiɗa ya yi wa daɗi ne, kuma motsin wanda takaici ya ishe shi ne, ya rasa ta cewa. Idan samari goma suka zauna a benci suna kaɗa kai a tare, babu ɗan Hisbar da zai iya rantsuwa a kan wanne suke yi.

Wannan shi ne habaici a cikakkiyar sifarsa. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun daɗe da bambance shi da zambo. Zambo yana muzanta mutum, ya zana kamanninsa ko halinsa har kowa ya gane shi. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa a Isa da Salihu Jankiɗi a Sakkwato da shi suke dukan 'yan sarkin da ke hanƙoron kujerar ubangidansu. Habaici kuwa jifa ne a duhu: kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Ba sai an je fada ba ma. A ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, mace tana lugude a turmi tana rera abin da ba ta ambaci kowa a ciki ba, kishiya tana tsakar gida tana jin kowace kalma, ba ta da damar kai ƙara wajen maigida, domin da ta buɗe baki ta amsa cewa da ita ake. Tarkon da "Girgiza Kai" ta ɗana wa hukuma ke nan. In an ƙyale ta, ta ci gaba da yawo. In an haramta ta, an tsargu, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Har da karin maganar nan ta mai dokar barci mawaƙin ya jefa a ciki, wadda kowane Bahaushe ya san ƙarshenta ba sai an ƙarasa masa ba.

A gwada wannan da abin da ake yi a Amurka. Waƙar martani a can ginshiƙin sana'a ce. Tupac Shakur ya saki "Hit 'Em Up" a 1996 yana kama sunan Notorious B.I.G., kuma a tsakiyar wannan gaba aka harbe Tupac a watan Satumba na shekarar, aka harbe B.I.G. a Maris na 1997. Nas da Jay-Z sun gwabza a 2001 da "Ether" da "Takeover". A watan Mayu na 2024 Kendrick Lamar, ɗan Compton, ya fitar da "Not Like Us", inda ban da manyan zarge-zarge ya siffanta Drake, ɗan Toronto ta Kanada, a matsayin baƙon da ke ci da gumin mawaƙan Atlanta. Waƙar ta lashe kyautar Grammy biyar a 2025. Drake ya maka kamfanin Universal a kotu, alƙaliya ta kori ƙarar a watan Oktoba na 2025. A gida Najeriya ma M.I Abaga, wanda ya tashi a Jos, ya yi musayar waƙoƙi masu zafi da Vector a 2019, daga baya suka shirya har suka yi "Crown of Clay" tare a 2021.

Duk waɗannan dambe ne tsakanin tsara da tsara, irin karon Shago da Ɗandunawa da Ɗan Anace ya waƙe. Akwai fasaha a ciki, akwai kirari, akwai 'yan kallo. Amma in ban da abin da ya sami Tupac da B.I.G., wanda aka kayar yakan tashi ya kakkaɓe ƙura, sau da yawa ma kasuwarsa ta ƙara buɗewa. Ziriums sama ya kai naushinsa, ga wanda ke da kotu da 'yan sanda da makullin gidan yari, kuma babu ubangidan da zai tare masa faɗa kamar yadda sarki yake tare wa makaɗinsa. Bai daɗe ba ya koma Abuja da aiki, kuma kundinsa na "This Is Me" ta intanet ya fito a 2010, a lokacin da kasuwar faifai ta Kano take ƙarƙashin idon hukumar. Idan ana maganar wane ne mawaƙi na gaske, ni abin da nake fara dubawa shi ne me mutum zai iya rasawa saboda abin da ya faɗa.

Sai kuma wata tuhuma da ta daɗe: cewa wannan salon waƙa ba namu ba ne, kwaikwayon baƙar fatar Amurka ne, da wando mai zamewa da hular da aka juya baya. Gaskiya ne kiɗan daga kwamfuta ya fito, kuma salon jera kalmomi a kan bugu daga New York ya taso a shekarun 1970. To amma karin da malamanmu suka gina rubutacciyar waƙa a kansa daga Larabci aka aro shi, kuma babu wanda ya taɓa cewa "Imfiraji" ta Aliyu Namangi ba waƙar Hausa ba ce. Waƙoƙin finafinanmu da fiyano ake kaɗa su, muryarsu kuma ta sha ruwan Indiya. Mu mutanen ƙasar Gumel ya kamata mu fi kowa sassauci a wannan magana. Mangawa ne suka kafa masarautar, alaƙarta ta tarihi da Barno take, ba da Sakkwato ba, amma yau Hausa ake yi daga fada har kasuwa, kuma babu mai ce wa ɗan Gumel ba ɗan gida ba ne. Abin da aka ara yakan zama na gida idan an iya sarrafa shi. Ziriums ya ɗauki bugun waje ya ɗora masa dabarar da 'yan gambara da 'yan kama da matan amada suka daɗe da ita. Ba'amurke zai iya kaɗa kai ga kiɗan, amma Bahaushe ne kaɗai zai yi dariya a inda ya dace.

Yadda waƙar ta yaɗu ma abin lura ne. Hukuncin kotun Kano bai tsallako iyakar jiha ba, tunda an cire Jigawa daga Kano tun 1991. Ko a cikin Kanon ma, dokar da aka tsara don faifai da shagunan haya ba ta san yadda za ta yi da Bluetooth ba. Wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san rumfunan masu cajin waya da tura waƙoƙi: ɗan ƙaramin janareto yana kuka a gefe, wayoyi jere a kan katako kowace da alamar mai ita, yaro a gaban kwamfuta yana cika memori da duk abin da aka nema. Dillalin shanu da ɗan acaɓa da baƙon da ya ƙetaro daga Damagaram duk layi ɗaya suke bi. A irin waɗannan rumfuna waƙoƙin Kano suke haɗuwa da na ƙungiyoyin Nijar irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney, waɗanda tuni suke cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci suna caccakar masu mulki. Jin cewa an haramta waƙa kuwa shi ne tallar da ta fi kowace tasiri a wajen mai neman a cika masa memori.

Ba zan ce waƙar ba ta da rauni ba. Na farko, tana ɗaure da zamaninta. Yaron da aka haifa bayan 2009 zai iya jin ta ya ɗauka waƙar nishaɗi ce kawai, domin habaici yana mutuwa idan an manta da wanda aka yi dominsa. Na biyu, amshin ya fi baitocin ƙarfi, shi ya fi zama a kunne, har mutane da yawa ba su riƙe komai ba sai shi. Na uku, kuma wannan ya fi muhimmanci, habaici ba ya iya muhawara. Ba duk wanda ya goyi bayan tsaurin hukumar a wancan lokaci ne munafuki ba. Akwai iyaye a Kano da Gumel da Haɗeja da suka tsorata da gaske da abin da suke gani a wayoyin 'ya'yansu, kuma waƙar ba ta da abin da za ta ce musu. Ta fallasa wautar dokar da ke son auna motsin jikin mutum, amma ba ta taɓa tambayar da ta haifar da dokar ba. Wannan iyakar makamin ne, ba gazawar mai riƙe da shi kaɗai ba.

Yau gambarar Hausa ta yi nisa. ClassiQ da DJ AB da Morell da B.O.C Madaki suna da kayan aiki da masu sauraro fiye da abin da tsarar Ziriums ta samu, kuma sautin situdiyon wancan lokaci ba zai iya gogayya da nasu ba. Abin da nake jin ƙarancinsa a wajen ƙananan masu tasowa, waɗanda ke sakin martani a TikTok kafin gari ya waye, shi ne haƙurin saƙa magana. Kama suna da ashariya abu ne mai sauƙi, kowane mai waya zai iya. Abin da ke da wuya shi ne ka faɗi magana a gaban mai iko, ya ji zafinta, ya juya ta ta kowace fuska ya rasa inda zai kama ka. "Girgiza Kai" ta yi wannan, kuma saboda haka nake ganin ta cancanci shiga aji. Malaman Hausa a Kwalejin Ilimi ta Gumel, idan sun zo darasin zambo da habaici, za su iya kunna wa ɗalibai Narambaɗa, su bi shi da Ziriums, sannan su bar su su gano da kansu abin da ya haɗa mutanen biyu.