Ku ƙirga haƙoran kafin ku yanke hannun feda

Ranar wata Lahadi bayan la'asar, ɗan ƙanwata ya turo kekensa tun daga New Bell har ƙofar gidana a Ndogpassi, nan Duwala, gwiwa a ɗaye, kaca a hannu yana lilo da ita kamar wanda ya kashe maciji. Bai gama gaisuwa ba ya ce, "Kawu, kacar nan jabu ce, a taimaka mini da kuɗin wata. Kuma akwai na mai walda, zai rage mini tsawon hannun feda."

Na karɓi kacar na jujjuya. Tsohuwa ce, amma ba jabu ba ce. Da na durƙusa gaban keken sai na ga inda gizo ke saƙar. Irin kekunan hawan dutsen nan ne na hannu da ake saukewa a tashar jirgin ruwa, mai ƙafa inci 26, wanda abin canja giyarsa ya daɗe da mutuwa. Asalinsa faifai uku ne a gaba. Yaron ya kwance manyan biyu ya ajiye, ya bar ƙaramin mai haƙora 22, ya haɗa shi da mai 18 a baya. Na ce wa ya ba ka wannan shawara? Ya zaro waya.

Abin da ya nuna mini shi ne wasan da Turawa ke kira tirayal: mutum ya tsaya cak a kan ƙafar baya, ya yi tsalle ya hau dutse ko katanga, ya sauka a kan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, duk sa ƙafa a ƙasa laifi ɗaya ne, in sun kai biyar ka faɗi wannan zangon. Wasan ya samo asali daga na babur. A yankin Kataloniya na Sifaniya, wani ɗan tseren babur mai suna Pere Pi, da ke aiki a kamfanin Montesa, ya ƙera wa ɗansa Ot ƙaramin keke don ya koyi abin da manya ke yi da injin, daga baya ya kafa kamfanin Monty a 1983. Amma abin da ya kawo wasan cikin aljihun yaranmu shi ne bidiyon Danny MacAskill, wani mai gyaran keke ɗan Sikotilan, wanda ya fito a watan Afrilun 2009 yana hawa shingaye da rufin shaguna a birnin Edinbura. Tun daga nan masu kwaikwayonsa suka cika intanet, su ne kuma malaman ɗan ƙanwata.

Ba na cikin dattawan da ke cewa wasan keke iskanci ne. Mu ma mun ɗaga ƙafar gaba a kan keken Phoenix na iyayenmu, mun sha bulala. Yaron da ya iya tsayar da keke wuri ɗaya na minti guda ba tare da ya sauke ƙafa ba, ya fi ƙarfin yawancin haɗurran da ke kayar da mutane a cunkoson Ndokoti. Abin da nake ƙi shi ne yayin da ya shigo na kwafar lamba: an ji gwani kaza na amfani da haƙora 18 da 15, an ji wani zakara ya koma hannun feda mai milimita 165, sai a garzaya wurin mai gyara a ce a mayar da keke haka, ba a tambayi aikin da lambar ke yi ba.

Lissafin bai fi ƙarfin ɗan firamare ba. Ka raba haƙoran gaba da na baya, abin da ya fito shi ne yawan juyin da ƙafar baya za ta yi duk sanda feda ta zagaya sau ɗaya. Ƙafa mai inci 26 tana cin mita biyu da ɗan ɗoriya a kowane juyi. Da 44 a gaba da 18 a baya, zagaye ɗaya na feda zai kai ka wajen mita biyar. Da 22 da 18, mita biyu da rabi. Ma'ana, kilomita ɗaya da da yake ci da zagaye 200, yanzu sai ya yi 400. Ko da yana juya feda sau 80 a minti, gudunsa bai wuce kilomita 12 a awa ba. Ku yi tunanin yaro a wannan hali a kan babban titin da ya nufi Yawunde, tirela a baya, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, hagu da dama, shi kuwa ƙafafu na ta kaɗawa kamar mai dama fura, keke ba ya gaba.

Masu tirayal na gaske sun zaɓi wannan giya ne don ba tafiya za su yi ba. Kekensu ko sirdi babu. A gasa, masu ƙafa inci 20 sun fi amfani da 18 da 12, masu inci 26 kuma 18 da 15, duka biyun suna faɗawa kusan wuri ɗaya, mita biyu da rabi ko ƙasa kaɗan. Duk aikin fedarsu bugu ɗaya ne, bai kai rabin zagaye ba: yana tsaye a ƙafar baya, ya saki birki, ya taka da ƙarfi, keken ya zabura. In giya ta yi nauyi, ba zai zabura ba. In ta yi sauƙi fiye da kima, feda za ta faɗa ƙasa kafin ƙarfin ya isa taya, kamar wanda ya tura ƙofar da yake zaton a kulle take. Saboda bugun nan ɗaya ne aka gina keken gaba ɗayansa, har da firiwil mai kamu sama da ɗari a zagaye guda, wanda da ka taɓa feda ya cafke. Na keken kasuwa kuwa sai feda ta yi ɗan tafiya a banza kafin ya kama, a nan ne ƙwauri ke haɗuwa da ƙarfe.

Ga kuma abin da bidiyo ba ya faɗa, wanda shi ya ɗaye wa yaron gwiwa. Duk sanda ka rage faifan gaba, ka ƙara wa kaca wahala. Hannun feda sanda ce ta ɓanɓara, faifai kuma shi ne gajeren ɓangarenta. Yaro mai kilo 60 in ya tsaya da duk nauyinsa a kan hannu mai milimita 170, kaca na jin jan kusan kilo 115 a kan faifai mai haƙora 44. A kan mai 22, jan ya ninka, wajen kilo 230, tun kafin ya ƙara da bugun tsalle. Kacar da ta sha ruwan damina a Duwala, inda Yuli da Agusta ba sa barin ƙarfe ya bushe, ta yi tsatsa, aka datse ta aka sake haɗawa da guduma da ƙusa, ina za ta iya? Masu gasa kaca mai kauri suke sawa, kuma ba sa jira ta tsinke kafin su canja.

To, sai batun hannun feda, wanda shi ne sabon yayi, kuma ba ma daga tirayal ya fito ba. Daga tseren titi ne. A 2024 Tadej Pogačar na Sulobeniya ya koma hannu mai milimita 165, a shekarar ya cinye tseren Italiya, ya cinye na Faransa, ya ɗauki kambun duniya a Zurik. Shi ke nan, duniya ta ɗauka sirrin a gajeren hannu yake. Dalilinsa daban ne. Mutum ne da ke duƙe a kan keke awa biyar, gajeren hannu na hana gwiwa tokare masa ciki in feda ta hau sama, ya samu ya ƙara duƙawa iska ba ta tare shi ba. 'Yan tserenmu da ke fita zagayen Kamaru ko gasar Chantal Biya suna da hujjar duba wannan magana. Mai tsalle a bakin kwalbati ba ya zaune, ba ya duƙe, ba ruwansa da iska.

Kuma gajeren hannu ba ya ƙara ƙarfi. Tun a 2001 wasu masu bincike a Amurka, Martin da Spirduso, suka gwada hannaye daga milimita 120 har 220. Masu 145 da 170 suka fi ba da ƙarfi, amma ratar da ke tsakaninsu da na can gefe biyu ba ta wuce kashi huɗu cikin ɗari ba. Wato santimita goma cur na bambanci, ribar kashi huɗu. To me milimita biyar ko goma za ta tsinana?

Abin da take yi tabbas shi ne canja nauyin giya, kuma nan ne yara ke gudun gara su faɗa gidan zago. In ka sauko daga 175 zuwa 165, ka rage sandar ɓanɓararka da kusan kashi shida cikin ɗari, daidai da ka cire haƙori ɗaya daga faifan baya mai 18. Marigayi Sheldon Brown, wani makanikin keke na Amurka, ya daɗe yana jan hankalin mutane cewa ba a lissafa giya a bar tsawon hannu a gefe, abu ɗaya ne. Ɗan ƙanwata ya rage faifai don feda ta yi sauƙi, ga shi kuma zai biya kuɗi a yanke hannu ta sake yin nauyi. Su masu tirayal ɗin ma ba gajere suke bi ido rufe ba: masu inci 26 sun fi zama a 170 ko 175 don suna son ƙarfin bugu, masu inci 20 ne ke sauka wajen 160 zuwa 165, don kekensu ƙarami ne kuma ba sa so feda ta riƙa dukan dutse.

Walda kuwa, a nan ba ni da sassauci. Hannun feda shi ke ɗauke da mutum duk sanda ya diro. In na alminiyom ne, wutar walda na kashe masa ƙwari a daidai wurin ɗinkin, ba kuma zai yi maka sallama ranar da zai karye ba. Masu huda sabon rami su ma sai an yi hattara, domin fedar hagu zarenta a juye yake, ba kowane mai gyara ke da abin yanka irin wannan zare ba, na sha ganin wanda aka cusa da ƙarfi aka toshe da walda. In da gaske yaro gajere ne, kuma akwai su da yawa da ke hawan keken manya suna karkata ƙugu hagu da dama, gajeren hannu alheri ne gare shi. Sai a nemo na asali daga ƙaramin keke a wurin masu kayan hannu. Tsawon na rubuce a bayan hannun, kusa da ramin feda, a goge laka a karanta.

Za a ce mini, to kawu, in yaro na son ya ƙware fa? Wanda Allah ya hore wa keke biyu, ya ware ɗaya don wasa, ya sa 22 da 18, ya sayi kaca mai kauri, ya sa hular kwano a kai, ni ma zan zo kallo. Amma yaran New Bell nawa ne ke da biyu? Keken nan ɗaya shi ke zuwa Islamiyya, shi ke ɗauko cefane daga kasuwar Nkololoun, shi ake aika da kwanon abinci shagon baba. Kuma duk abin da mai koyo ke buƙata a shekararsa ta farko, tsayuwa wuri ɗaya, ɗaga gaba, ɗaga baya, ɗan tsalle a gefe, babu wanda giya ke hanawa. Birki ne ke hanawa. Na matsa na yaron, hannun ya tafi har ya taɓa roba, taya na ci gaba da juyawa. Da wannan yake shirin tsayawa a ƙafar baya a bakin lambatu.

Washegari na sa ya kawo faifan da ya kwance. Muka mayar da na tsakiya mai haƙora 32, muka bar 18 a baya, zagaye ɗaya ya koma kusan mita uku da rabi da 'yan kai: yana isa kasuwa, yana kuma ɗaga gaba ba wahala. Kuɗin mai walda muka sayi robar birki da waya sabuwa da su. Hannun fedar, da muka goge, 170 ne, muka bar shi yadda yake.

Masu gyaran keke na New Bell da Ndogpassi, roƙona gare ku: in yaro ya zo da waya a hannu yana cewa a yanke, ku sa shi ya durƙusa ya ƙirga haƙoran da kansa, ku tambaye shi keke nawa gare shi, sannan ku matsa birkinsa kafin ku taɓa komai.