Jinjina ga Masu Ɗaukar Nauyin Karatun 'Ya'yan Talakawa a Zariya

Ko da yake dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta a Nijeriya, ɗan talaka a Sabon Gari ko Samaru bai tsira daga kuɗin littattafai da kayan makaranta da na mota ba, kuma babban shingen yana jiran sa ne a ajin ƙarshe na sakandare, inda ake biyan kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO, sannan na JAMB, wato hukumar da ke tantance masu neman shiga manyan makarantu. A wannan gaɓa ce Ƙungiyar Bunƙasa Ilimi ta Zariya, wadda aka fi sani da ZEDA, ta cancanci yabo, domin tallafinta yana riskar ɗalibi daidai lokacin da rashin kuɗi kan mayar da shi gida, alhali Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana nan Samaru kusa da shi.

Akwai kuma waɗanda ba su da suna a takarda, wato 'yan kasuwar Sabon Gari da masu shaguna a PZ, unguwar da ta samo sunanta daga kamfanin Paterson Zochonis, da malaman jami'a, waɗanda kan riƙe maraya ko ɗan maƙwabci zango bayan zango. Nasu aikin ya fi wuya, saboda biyan kuɗin zango guda abu ne mai sauƙi, amma riƙon yaro shekara shida yana bukatar haƙuri da bin diddigin sakamakonsa.