Awon Malamin Gani da Mudun Ambato

A shekarar 1997 wani malamin jami'a a Amurka, David Brainard, ya fitar da maƙala mai shafi huɗu kacal a wata mujalla ta masu binciken gani. Babu wani sabon sirrin ido ko na ƙwaƙwalwa a cikinta. Bayanin wata manhaja ce, Psychophysics Toolbox, wadda ke ba mai bincike damar haska ɗigo ko zane a fuskar kwamfuta, ya ƙayyade haskensa da daƙiƙun da zai yi, sannan ya adana amsar wanda ake gwadawa. Kyauta aka saki manhajar, roƙo ɗaya aka haɗa da ita: wanda duk ya yi aiki da ita ya ambaci masu ita. Yau wannan 'yar takarda tana sahun gaba cikin waɗanda aka fi ambata a fagen baki ɗaya, ta tsere wa ayyukan da wasu suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kai. Ba na ganin laifin Brainard, don aikinsa ya sauƙaƙa wa dubban mutane wahala. Abin da ya dame ni shi ne mudun da ake awon.

Ambaton magabata daɗaɗɗiyar al'ada ce, ƙidaya shi ne baƙo. Eugene Garfield ya kawo shawarar a 1955, bayan ya ga yadda lauyoyin Amurka ke bin sawun hukuncin da wata kotu ta kafa hujja da shi, kuma a 1964 kundinsa na ambaton kimiyya ya fara fitowa. Nufin farko taimakon mai nema ne: ka riƙe maƙala ɗaya, ta kai ka ga duk waɗanda suka ɗora a kanta. Sannu a hankali jagora ya rikiɗe ya zama alƙali. Google Scholar ya zo a 2004, shekara guda bayan haka masanin fiziya Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h. In aka ce h ɗin malami 30 ne, yana da maƙala 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Wanda kuwa ya rubuta uku rak, ko da sun girgiza duniya, ba zai wuce 3 ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

A ɗauki aikin da babu mai jayayya da girmansa. A 1958, a jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore, David Hubel, haifaffen Kanada, da Torsten Wiesel ɗan Siwidin suna aiki a ɗakin binciken Stephen Kuffler. Sun sa wa kyanwa maganin barci, sun soka siririyar waya cikin sashen gani na ƙwaƙwalwarta, sun haɗa wayar da lasifika don su ji ƙarar ƙwayar jijiya guda idan ta motsa. Awa da awanni suna haska mata ɗigo, baƙi da fari, ta wani ɗan majigi, shiru kake ji. Can, suna zura gilashin da ɗigon ke kai, sai lasifika ta ɓarke da tatata. Suka koma kan ɗigon, ba shi ba ne. Ashe inuwar gefen gilashin ce, wani siririn layi da ya gilma a idon kyanwar, kuma sai ya karkata ta wata fuska takamaimai ƙwayar ke amsawa. Daga nan maƙalarsu ta 1959 da babbar ta 1962 suka fito, aka gane ƙwaƙwalwa tana fara warware abin da ido ya kawo mata ne ta gefuna da layuka. Daga baya suka riƙa ɗinke ido ɗaya na 'yan kyanwa a watannin farko na rayuwa. Da aka buɗe, idon garau yake, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa, alhali babbar kyanwa ba ta samun wannan illa. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitoci ba sa jinkirta cire yanar idon jariri. A 1981 suka karɓi kyautar Nobel tare da Roger Sperry.

To su wa ke ambaton maƙalar 1962 a yau? Kaso mai tsoka injiniyoyin kwamfuta ne. Kunihiko Fukushima na Japan ya kwaikwayi tsarin da mutanen biyu suka bayyana ya gina wata na'urar gane siffa a 1980, Yann LeCun da wasu suka ɗora, har aka iso ga manhajojin da ke gane fuskar mutum a wayar hannu. Ya zama kamar gaisuwar shiga gida: mai rubutu kan wannan fanni yakan buɗe da jimla guda, ya jefa sunan Hubel da Wiesel, ya wuce. Lambar na ta hawa, amma abin da take nunawa a nan shi ne yawan jama'ar wata unguwa, domin masu kwamfuta sun fi masu soka waya a kan kyanwa yawa nesa ba kusa ba, kuma sun fi su saurin buga takarda. Shi kuwa Kuffler, wanda aikinsa na 1953 kan tantanin bayan ido ya share musu hanya, ya rasu a 1980, shekara ɗaya kafin kyautar. Abin da ya gano ya shiga littafin ɗalibai, ya zama sanin kowa, kuma sanin kowa ba a cika jingina shi ga mai shi ba. Masanin zamantakewa Robert Merton ya daɗe da lura da wannan, ya kuma lura cewa wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa yabo ko da aikin na taro ne.

Wanda ya zauna gaban malamin hadisi zai ga wani giɓi nan da nan. Muhaddisai ba su taɓa wadatuwa da yawan masu ruwaya ba, sai sun tambayi waye ya ji daga wa, kuma da kunnensa ya ji ko kuwa. Wanda ya ruwaito daga mutum abin da bai ji daga bakinsa ba, ya bar mai sauraro yana zaton ya ji, sun ce ya yi tadlisi. A 2003 wasu masu bincike biyu a Kalifoniya, Simkin da Roychowdhury, suka bi sawun kurakuran da ake yi wajen rubuta lambar shafi ko juzu'in wata shahararriyar maƙalar fiziya. Suka tarar kuskure iri ɗaya na yawo daga takarda zuwa takarda, alamar kwafa ake yi daga jerin wani. Kiyasinsu shi ne kusan ɗaya cikin biyar na masu ambato ne suka karanta abin da suka ambata. Ana iya jayayya da lissafin, amma duk wanda ya taɓa duba kundin ɗalibi ya san zancen ba daga sama ya faɗo ba. Abin dariya ne a ce a ilimin gani ma ji ya kori gani.

Mudun kuma bai san na'am da a'a ba. Akwai wani ruɗin ido da Bajamushe Müller-Lyer ya zana a 1889: layi biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kan kibiya a kowane ƙarshe, ɗayan da kan a juye, sai ido ya rantse ɗaya ya fi tsawo. A 1963 da 1966 Segall da Campbell da Herskovits suka ba da rahoton gwada shi a kan al'ummomi da dama, akasari a Afirka. Mutanen Evanston ta Amurka ne suka fi ruɗuwa, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar abin ya taɓa su. Suka ce tashi cikin ɗakuna masu kusurwa huɗu ne ke koya wa ido wannan kuskure. Da Joseph Henrich da abokansa suka kafa hujja da shi a 2010, wajen nuna cewa ɗaliban Turawa ba su ne ma'aunin ɗan Adam ba, tsohon aikin ya sake farfaɗowa. Sai ga rahoto a 2015 daga shirin Prakash na Pawan Sinha a Indiya: yaran da aka haifa da yana, aka yi musu aiki suka fara gani, sun faɗa wannan ruɗi cikin kwanakin farko, tun ba su saba da kusurwar ɗaki ba. Mai goyon baya ya ambaci Segall, mai rusa shi ma ya ambace shi, duk a buhu ɗaya ake zubawa. Su kuwa ɗaruruwan mutanen ƙauye da aka zaunar ana nuna musu zane, da tafintocin da suka yi ta fassara, kura da shan bugu ke nan.

Duk da haka ba zan ce a fasa mudun ba. A jami'o'inmu, inda fayil ɗin ƙarin girma kan kwana a hannun wanda ba ya ga maciji da mai shi, lambar da kowa zai iya dubawa a Scopus ko Google Scholar takan zama garkuwar wanda ba shi da uwa a gindin murhu. Sai dai ta zo da nata cututtuka: ka ambace ni in ambace ka, a yanka bincike ɗaya gida uku, a biya mujallar da ba ta duba komai. A 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko suka yi kira a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Karatun ne ke cin lokaci, kwamiti kuwa kullum cikin sauri yake.

Ba yau aka fara jinkirin karanta aiki mai daraja ba. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya tabbatar da gwaji cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ya kuma yi bayanin yadda hankali ke cike gurbi da ƙiyasi cikin gaggawa ba tare da mai kallo ya sani ba, batun da wani masani, Helmholtz, ya sake tayarwa a ƙarni na 19. An juya littafinsa, Kitabul Manazir, zuwa Latin wajen 1200, aka buga shi a Basel a 1572. A harshen da aka rubuta shi kuwa, littafin bai samu mai yi masa cikakken sharhi ba sai bayan fiye da shekara 250, lokacin da Kuɗubuddin Shirazi ya nemo kwafi guda ya miƙa wa almajirinsa Kamaluddin Farisi, shi kuma ya zauna ya bi shi babi babi, yana gwada abin da ya karanta da ƙwallon gilashi cike da ruwa.