Sharhi A Kan Wasan Talabijin Na "Pretty Guardian Sailor Moon"

Wasan da zan ɗan yi tsokaci a kansa na ƙasar Japan ne, an nuna shi kowace Asabar da safe daga Oktoban 2003 zuwa Satumban 2004, cikin kashi 49. Tushensa labarin zane ne na Naoko Takeuchi, wanda aka mayar da shi majigin zane a 1992 har ya kai kashi 200. Bayan wannan ne kamfanin Toei ya ɗauko 'yan mata na jini da tsoka ya ce su taka rawar da zane ya taka. Tambayata ita ce, me labari ya rasa, me kuma ya samu, a wannan ƙaura?

Ga wanda bai san labarin ba, wata 'yar makaranta ce mai suna Usagi, ga son barci ga saurin kuka, wata kyanwa mai magana, Luna, ta sanar da ita cewa ita mayaƙiya ce. Ta haɗu da 'yan mata huɗu, Ami da Rei da Makoto da Minako, suna yaƙar rundunar Sarauniya Beryl. Daga baya ta bayyana cewa dukkansu sun taɓa wata rayuwa a masarautar duniyar wata, Usagi kuwa ita ce gimbiyar.

Abin da aka rasa ba ya ɓuya. Alƙalamin mai zane ba ya gajiya, amma kyamara sai abin da aka ajiye mata. Dodannin wasan ƙarti ne cikin rigar roba, Luna kuwa galibi 'yar tsana ce ta ƙyalle da ake girgizawa. Gashin da ya yi kyau a zane, shuɗi da ruwan ɗorawa, da aka ɗora shi a kan mutum sai ya fito a hular gashinsa. Yaro ma ba zai ruɗu ba.

A ganina marubuciyar wasan, Yasuko Kobayashi, ta san da wannan gurguntaka, shi ya sa ta sauke nauyin labarin daga filin daga ta ɗora shi a zukatan taurarin. A nan ne wasan ya yi wa majigin fintinƙau. Dubi Ami. A zane yarinya ce mai ƙwazo da kunya, shi ke nan. A nan kuwa kaɗaicinta ciwo ne: uwarta likita ce da ba ta zama gida, ita kuma ba ta taɓa yin ƙawa ba sai Usagi, don haka kullum tana fargabar a yar da ita. Ta wannan kafa abokan gaba suka shige ta, ta juya wa 'yan uwanta baya na tsawon makonni. Fuskar mutum na iya nuna wannan fargaba da ɗan sunkuyar da kai, abin da zane sai ya yi ta da hayaniya.

Sai Minako, wadda aka sāke ta ɗungurungum. An mai da ita shahararriyar mawaƙiya mai fama da ciwon ajali, ta san kwanakinta ƙidayayyu ne. Saboda haka ta riƙe aikin da ta gada daga rayuwar farko gam, tana ganin shi kaɗai ne dalilin zamanta. Rei, wadda Keiko Kitagawa ta fito a matsayinta, ta ƙi yarda. Ita a wajenta abin da ya wuce ba shi da ikon ɗaure mai rai. Gardamar waɗannan biyu ita ce ainihin jigon wasan, kuma ban zaci za a ɗora wa masu kallon safiyar Asabar tambaya mai nauyi haka ba. An ma ƙara mata gishiri da aka nuna cewa gimbiyar da suke karewa ita ce da kanta ta hallaka duniya a wancan zamani, don baƙin cikin mutuwar masoyinta.

Inda na yi rigima da wasan shi ne ƙarshensa. A kashi na 47 Minako ta rasu, ba a bakin daga ba, ciwonta ne ya ɗauke ta, labari kawai ƙawayenta suka samu. Wannan ƙarfin hali ne. To amma kashi biyu bayan haka sai duniya ta rushe, aka sāke gina ta da dutsen sihiri, Minako ta dawo garau. Na san majigin 1992 ma ya kashe 'yan matan ya tashe su, sai dai can mutuwar tatsuniya ce, da sihiri ta zo, da sihiri ta tafi. Ciwon Minako irin na asibiti ne, wanda yaron da ke kallo zai iya sani a gidansu. An shafe watanni ana koya masa ya ɗauki abin da gaske, sannan a rana ɗaya aka ce masa ai da wasa ake.