Notin da Ke Kunyata Masu Ƙarfi

Duk wanda ya taɓa cewa bari ya canza bel ɗin tayimin na Honda da kansa a ƙofar gida ya san inda aikin ke cijewa: notin nan guda da ya riƙe fuli a bakin kiranshaf. A Accord mai silinda huɗu ta 1998 zuwa 2002, wadda muke kira Baby Boy, ana ɗaure shi da ƙarfin niyuton-mita 245, fiye da ninki biyu na notin taya. Zafi da tsatsa da shekaru kuma su ƙara masa taurin kai.

Ɗan koyo zai sa sifana ya danna, inji ya bi shi yana juyawa, noti ko gezau. Gwani kuwa ba ya taɓa notin sai ya hana injin motsi. Cikin fulin Honda akwai rami mai kusurwa shida, faɗinsa milimita 50, sai ya zura ƙarfen da aka ƙera dominsa, ya tokare hannunsa da ƙasa. In motar mai giyar hannu ce, ya sa babbar giya, wani ya taka birki, ko da yake kulochi kan cinye wani ɓangaren ƙarfin.

Sannan ya zura soket mai lamba 19 ta gurbin taya. A nan ne yake burge ni. Ya san doguwar sandar da ta haɗa soket da hannu murɗewa take, tana shanye wahalarsa, don haka yakan ɗora ƙarshenta a kan jak ta tsaya daram. Ya saƙala bututun ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, ya sauke nauyinsa a hankali, ba fizga. Mai kilo 70 a ƙarshen wannan bututu yana ba da kusan niyuton-mita 690. Sai ka ji ƙara, ƙas! kamar wani abu ya karye. Noti ne ya saki.

Akwai dabarar da ake yawan yabawa: a tokare sandar da jikin mota, a cire wayar kwayil don kada inji ya tashi, a ɗan taɓa makulli, kik ya kwance notin. Tana aiki a injin da ke juyawa irin na hannun agogo, kamar na Corolla. Amma injin Baby Boy mai silinda huɗu baibai yake juyawa, kik ƙara ɗaure notin zai yi, in ma sandar ba ta ɓalle ta ji wa wani rauni ba. Gasa notin da wuta ma gwani na kaffa-kaffa da shi, domin akwai roba a cikin fulin, ga kuma sil ɗin mai a bayansa.

Saboda haka, malam, kafin ka kira majiya ƙarfin unguwa su hau bututu, fara duba inda injinka ke juyawa.