Daga Mashayar Landan Zuwa Kuntigin Ɗan Maraya

Na daɗe ina auna kyawun waƙa da yawan gyaran da aka yi mata. In na zauna rubuta manhaja, abin da nake sawa a kunne shi ne waƙar da aka tace da kwamfuta har ba a jin numfashin mawaƙi. Wani dare YouTube ya jefo mini tsohon bidiyon ƙungiyar Dr. Feelgood. Mai jitarsu, Wilko Johnson, yana kai da komowa a dandamali ido a zare, yana dukan tsirkiya da 'yan yatsunsa. Aikin da ban ƙarasa ba ke nan a daren.

Salon nasu shi ake kira pub rock, kiɗan da ya tashi a ƙananan mashayun Landan irin su Hope and Anchor a farkon shekarun 1970. A lokacin, manyan makaɗan Ingila sun koma cika filaye, suna jan waƙa ɗaya har minti ashirin. Su kuwa 'yan tsibirin Canvey ɗin nan jita, ganga da murya kawai suka riƙe. Kundinsu na farko, Down by the Jetty, ya fito a 1975, kuma da gangan aka bar shi da kaushinsa.

Daga nan punk ya samu ƙofa. A 1976 Joe Strummer ya bar ƙungiyarsa ta mashaya, The 101ers, bayan ya ga wasan Sex Pistols, ya shiga The Clash. A shekarar kuma Ramones na Amurka suka fitar da waƙoƙi 14 da ba su cika minti 30 ba.

Sai dai bayan na saurari duka biyun, pub rock na fi girmamawa. Punk ya yi shelar cewa kowa na iya kiɗa, kuma wannan ya buɗe wa matasa da yawa hanya. Amma ya zo da burga. Sid Vicious ya sa rigar tambarin 'yan Nazi don kawai ya tayar da hankali, alhali kiɗan ma bai iya sosai ba. Wilko kuwa gwani ne da ya zaɓi ya rage. The Clash ne suka fi cika alkawarin punk, domin sun saurari maƙwabtansu 'yan Jamaika, har suka sake rera "Police and Thieves" ta Junior Murvin a 1977.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne gida. Ina yaro, in mahaifina ya sa kaset ɗin Ɗan Maraya Jos, tashi nake yi. A ganina tsirkiya ɗaya talauci ne. Da kunnena ya saba da kaushin Landan, sai na koma ga kuntigin, na ji gudun hannu da maganar talaka kai tsaye, babu inda mawaƙi zai ɓuya in ya yi kuskure. Abin kunya ne a ce sai da Turawa suka wanke mini kunne kafin na ji abin da ke ɗakinmu. Ɗan Maraya ya rasu a 2015 ban taɓa neman ganin wasansa ba.

Har yanzu ina sauraren waƙoƙin zamani, amma in an shafe murya da na'ura, nakan tambayi kaina me aka ɓoye. Mai son gwadawa ya fara da Stupidity, kundin da Dr. Feelgood suka ɗauka a gaban jama'a, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1976. In ya ƙare, ya sa Ɗan Maraya.